Kafin Ka Biya Kuɗin Sabis: Me Tsohuwar Haibrid Take Buƙata Da Gaske?

Ranar wata Asabar cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗin zama, Kawuna ya aiko yaro a kira ni. Na same shi a ƙofar gida zaune kan benci, takarda a hannu. Motarsa Prius ƙirar 2008 tana gefe, an lulluɓe ta da tamfol kamar mai jinya. Bayan mun gaisa ya miƙo min takardar, ya ce, "Ungo, Injiniya. Ai ku ne masu karatun. Duba min wannan, ka gaya min ko sayar da ita zan yi in huta."

Takardar daga wani gareji ta fito. Jar wuta mai kusurwa uku ce ta kama a dashbod yana hanyar dawowa daga Challawa, inda yake aiki a kamfanin jima, shi ne ya kai ta a duba. Abin da aka rubuto masa ya kai goma sha uku: canjin babban batir, wankin giyabos, wankin inji, fulogi, birki gaba da baya, gas na AC, cire tamostat, da sauransu. Jimillar kuɗin ta haura albashinsa na wata biyar. Amma layi biyu na ƙarshe ne suka sa na gyara zama: "sabis na kik" da "sabis na altaneta". Jama'a, Prius ba ta da kik, ba ta da altaneta. Babban batir ne ke tayar da injin ta hanyar motar lantarki da ke cikin giyabos, inbata kuma ita ke cajin ƙaramin batir. Wanda ya rubuta takardar nan bai duba motar Kawu ba. Jerin da ya saba rubuta wa masu Golf da Corolla ya kwafo, ya ɗora kuɗin batir a kai.

Kowa ya san dalilin da ya sa waɗannan motoci suka yi yawa a Kano. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ma'aikacin da ke tasowa daga Kurna ko Rijiyar Lemo zuwa Challawa kullum, ko daga Panshekara zuwa Bompai, sai ya ga rabin albashi yana ƙarewa a gidan mai. Kawu ya sayar da tsohuwar Golf ɗinsa, ya haɗa da kwasar adashi, ya sayi wannan 'yar Kwatano. Ba don gayu ya saya ba. Ita ce ke kai shi aiki, ita ke kai yara makaranta, ita ke kai Inna asibiti. In ta tsaya, gidan ne ya tsaya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tsohuwar haibrid a Kano ba dogon jeri take buƙata ba. Abokan gabarta biyu ne, zafi da ƙura, kuma mafi yawan abin da ke kare ta daga gare su mai arha ne. Duk wani gyara mai tsada, kada ka biya sai an nuna maka awo. Ba "ina jin", ba "haka suke yi", a nuna maka lamba.

Ba a aji na fara koyon wannan ba. Na koye shi ne lokacin da nake IT a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Maigidana a sashen gyara, wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana aikin, ba ya yarda a taɓa inji sai an buɗe littafi. Janareta da awanni ake yi masa juye, an rubuta ranar, an rubuta wanda ya yi. In motar wani inji ta fara zafi, ba ya cewa a sayo sabuwa. Sai ya ce, "Yaro, ɗauko mega da mita." A auna, a duba ko fankarta ta toshe da ƙura, a duba ko waya ce ta saki. Sau da yawa iska kawai za a hura, a ɗaure kusa, inji ya ci gaba da aiki. Kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka rage da rai bayan shekarun rashin wuta, da irin wannan lissafin suka rayu. To me zai hana mai mota ya yi wa motarsa abin da kamfani ke yi wa injinsa? Haibrid ma ai ƙaramar masana'anta ce mai tayoyi: akwai janareta, akwai inbata, akwai batir, akwai kwamfuta.

Da wannan tunanin na raba takardar Kawu kashi uku: wajibi, sai an auna, da a bar shi.

Kashi na farko, wajibi. Na ɗaya a cikinsa, wanda ma babu shi a takardar garejin, shi ne fankar babban batir. Batirin Prius na wannan ƙirar yana bayan kujerar baya. Yanki 28 ne aka jera, kowanne volt 7.2, jimilla volt 201.6. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi: akwai 'yar kafa a gefen kujerar baya, fanka na zuƙo iska ta nan ta hura wa batir. Yanzu ka tuna hunturun Kano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka tuna ƙurar da tireloli ke tayarwa a hanyoyin cikin Challawa. Duk tana bi ta wannan kafar. Fanka ta cushe, batir ya yi zafi, zafi kuma shi ke tsufar da batir. Wasu ma ba su san kafar ba, sai su rufe ta da rigar kujera ko su jingina buhu a wurin. A ganina duk mai haibrid a garin nan ya sa a kwance fankar a wanke ta sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo.

Na biyu, ruwan sanyaya inbata. Wannan mota hanyoyin ruwa biyu gare ta, na inji daban, na inbata daban, kowanne da tankinsa. Na inbata wani ɗan famfon lantarki ne ke juya shi. Gwajin ba ya cin ko kwabo: kunna mota, ka leƙa tankin, in famfo na aiki za ka ga ruwan yana motsi. In ya kwanta shiru, akwai matsala. Wannan famfon sanannen rauni ne, har Toyota ta yi kiranyen Prius na 2004 zuwa 2009 a shekarar 2012 saboda shi. Ruwan da ake zubawa kuma shi ne mai ruwan hoda na Toyota, ba ruwan rijiya ba, ba fiya wata ba. Ka'idar kamfani ga inji ita ce canjin farko a kilomita 160,000, daga nan duk bayan 80,000. Motar da ta haura shekara goma sha biyar, ba ka san tarihinta ba, ka canza duka biyun ka fara naka lissafin.

Na uku, juye da matatar iska. Injin haibrid yana hutawa a cunkoso, gaskiya ne, amma inji ne, yana son mai mai kyau a kan lokaci. Littafin wannan ƙirar ya ce mil 5,000 ko wata shida, wato kusan kilomita 8,000. A lura, motocin da suka fito daga Amurka da mil suke ƙirga, kada a rikita. Man 5W-30 take sha, waɗanda suka biyo bayanta daga 2010 kuma 0W-20. Mai kaurin nan da ake cewa "shi ya dace da zafinmu" ba nata ba ne. Matatar iska kuwa, kada ka jira lissafin littafi, don ba a rubuta shi da hunturunmu a rai ba. Buɗe ka duba da idonka.

Na huɗu, ƙaramin batir mai volt 12 da ke cikin but. Ba ya juya inji, amma shi ke tayar da kwamfutoci. In ya yi rauni, sai motar ta riƙa kunna fitilun gargaɗi barkatai, mai ita ya ɗauka babban batir ne ya mutu. Mita kawai za a ɗora a gani.

Kashi na biyu, sai an auna. Babba a nan shi ne babban batir, don shi ne ya cinye mafi yawan kuɗin takardar. Jar wuta ba ta nufin batir ya mutu. Tana nufin kwamfuta ta ga wani abu, kuma ta ajiye lambarsa. A jona na'urar duba mota a karanta. Kwamfutar tana sa ido kan batirin a rukuni 14, yanki bibbiyu, kuma na'urar tana nuna ƙarfin kowane rukuni da zafin batir. In duk suna tafiya kusa da juna, da sauransa. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa sosai da an taka totur, lambar P0A80 kuma ta fito, to batir ya fara bankwana. Wani lokacin ma tsatsa ce ta kama jan ƙarfen da ke haɗa yankunan, a goge ta a ci gaba. In kuma ya mutu da gaske, a san cewa canza yanki ɗaya ko biyu faci ne: sauran 26 ɗin ma tsofaffi ne, bayan watanni wani zai biyo. Ba laifi ba ne mai ƙaramin ƙarfi ya yi faci, amma a gaya masa faci ne, a karɓi kuɗin faci.

Birki ma sai an duba. Haibrid tana rage gudu ne da motar lantarki, tana mayar da ƙarfin cikin batir, shi ya sa takalmin birkinta ke daɗewa ƙwarai. A cire taya a ga kaurinsa. Abin da ya fi faruwa shi ne ƙusoshin kalifa su ƙafe don rashin aiki, sai a wanke a sa giris. Man birki kuwa in za a canza, a kai wa mai na'ura, domin birkin wannan motar kwamfuta ke sarrafa shi, ba a fitar masa da iska da "taka, riƙe" kawai. Fulogi irin na iridiyom ne, yana kaiwa kusan kilomita 190,000, saboda haka ba abin canzawa ba ne a kowane juye. Bel guda ɗaya ne a wannan ƙirar, na famfon ruwan inji, a duba ko ya tsage. Man giyabos kuma ni ina goyon bayan a zubar a zuba sabo sau ɗaya in ka sayi tsohuwa, da ATF WS kaɗai, kusan lita huɗu. Masu ƙirar 2010 zuwa sama su ƙara da duba hanyar EGR, domin tana toshewa da baƙin hayaƙi in tafiya ta yi nisa.

Kashi na uku, a bar shi. Wankin giyabos da inji mai matsi: a bar shi, wannan giyabos ɗin ba irin na otomatik da aka saba ba ne, zubarwa da zubawa sun wadatar. Ruwan kwalba da ake zuba wa inji wai ya wanke ciki: a bar shi. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, al'adar da muka gada tun zamanin Fijo: a bar ta. Kwamfutar haibrid ba ta kashe inji yadda ya kamata sai ya ɗumama, in ka hana shi ɗumama sai ya yi ta aiki, man da ka sayi motar don ka tsimi ya tafi a banza. Cire "indomi" daga salansa: a kula, na Prius yana da daraja a kasuwa, duk wanda ya matsa maka a cire, ka tambayi kanka wa zai amfana. Wanke cikin bonet da ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota: a bar shi. Sai AC. Kwamfaresarta ta lantarki ce, kuma mai na musamman take sha, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In mai gas na bakin titi ya zuba mata man da ya saba, ko ya yi amfani da tiyon da ya gurɓata da shi, za ka iya sayen matsalar da ta fi wadda ka zo da ita. Kuma AC a haibrid ba jin daɗi kawai ba ne, sanyin cikin mota shi batir ke shaƙa.

Ranar Litinin na roƙi wani abokin karatuna mai 'yar na'urar da ake haɗawa da waya, muka je. Ƙaramin batir ya yi rauni. Ruwan tankin inbata kwance yake kamar na randa, kuma lambar da ta fito ta sanyaya inbata ce. Da aka kwance fankar baya, wallahi abin da ya fito kamar sheƙar tsuntsu: ƙura, gashi, zaren tabarma. Rukunan batir kuwa suna kusa da juna, sai guda ɗaya da ke ɗan jan ƙafa. Muka sayo famfo a Kofar Ruwa, aka canza ruwa, aka sa ƙaramin batir, aka yi juye. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na takardar ba. Wuta ta mutu, ba ta dawo ba. Amma ban yi wa Kawu daɗin baki ba. Na ce, "Kawu, babban batirin nan ya tsufa. Bai mutu ba, amma ku fara ajiye wani abu duk wata, don ranar za ta zo." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, gara da ka faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka ba ne marasa hujja.

Wani zai ce ina zagin makanikai. Ko kusa. Mafi yawansu ba macuta ba ne. Mutum ya shekara talatin a kan Fijo da Golf da Honda, hannunsa ya san inji fiye da yadda ni zan sani nan da shekara goma. Sai ga mota ta zo da wayoyi masu ruwan goro, babu wanda ya koya masa, babu na'ura, kuma a garin nan in ka ce "ban sani ba" kwastoma ya tafi ke nan. Sai ya rubuta abin da ya sani. Makanikin da ya canza mana famfo ma, da na nuna masa lambobin a waya, kujera ya jawo ya ce in sake nuna masa. Matsalar rashin kayan aiki da horo ce, ba mugun hali ba.

Wani zai ce ai rigakafi ya fi magani, a canza komai a huta. Gaskiya ne ga mai kuɗi. Amma ma'aikacin kamfani aljihu ɗaya gare shi. Duk nairar da ta tafi a fulogin da bai mutu ba, an cire ta ne daga kuɗin famfon da ya mutu, ko daga kuɗin makarantar yara. Kuma duk hannun da bai san motar ba da ya shige ta, haɗari ne a kanta. Rigakafi na gaskiya shi ne sanin abin da ke kashe motar a inda take, a tare shi.

Wani kuma zai ce tun farko sayen tsohuwar haibrid kuskure ne. Wannan yana da ƙamshin gaskiya. Prius ta fara fitowa a Japan tun 1997, waɗanda ke zuwa mana yawanci sun gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa, wasu an murɗe musu agogon tafiya, wasu sun yi watanni a tashar ruwa ba a kunna ba, zaman kuma yana cutar da batir. Amsata ita ce: kada ka saya sai an jona na'ura a gabanka, kuma ka sa kuɗin batir cikin lissafinka tun ranar saye. In kana cin dogon zango kullum cikin cunkoso, za ta biya ka. In sau biyu a mako kake fita, ba taka ba ce.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan uwana masu karambani: volt 200 ba wasa ba ne, inbata ma tana ɗaga shi har 500. Wanke fanka da duba ruwa kowa zai iya koya. Buɗe batir kuwa sai da safar hannu ta lantarki, a zare filogin tsaro mai ruwan goro, a jira mintuna, a auna kafin a taɓa. Kuma mota tana shiru ba ta nufin a kashe take. In READY na kunne, inji zai iya tashi da kansa, ko da an kwance man juye, ko da hannun yaro yana ciki.

Abin da ya sa na kawo maganar nan wannan mujalla ke nan. Mu ɗaliban lantarki da na kanikanci, kullum kukanmu ina aiki bayan HND. Muna zagaye ƙofofin Bompai da Sharaɗa da takardu a hannu, alhali ga aiki nan yana wuce mu a titi da jar wuta a dashbod. Abin da haibrid ke buƙata shi ne daidai abin da ake koya mana: karanta zanen waya, auna volt, fahimtar inbata, ajiye bayanai. Makanike yana da hannu, mu muna da awo. In aka haɗa, kowa ya samu.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ƙungiyoyin sassa: a haɗa kai da malamanmu a nemo Prius ɗaya da ta yi haɗari a ajiye a wokshof, da na'urar dubawa, da safar hannu. A ware rana ɗaya a zango, musamman bayan hunturu, a gayyaci masu haibrid da makanikan unguwa, a duba motoci a ƙarƙashin kulawar malami. Masu neman abin da za su yi furojet a kai, ga shi: a auna zafin batir kafin wanke fanka da bayansa, a watan Afrilu, a kan hanyar Challawa. Lambobinmu na Kano, ba na Japan ba.

Kawu yanzu yana da ƙaramin littafi a aljihun mota. Kwanan wata, mil nawa, me aka yi, wa ya yi. Makon jiya wani abokin aikinsa mai Camry haibrid ya zo da tasa takardar, Kawu ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Alhaji, an jona na'ura kuwa? Ina lambar?" Mutumin ya ce babu. Kawu ya ninke takardar ya mayar masa, ya ce, "To a je a jona tukuna."